Fosdok: Dakta a takarda, ɗan koyo a wajen albashi

Shekarun da na yi a wani lab, wato ɗakin binciken kimiyya, a Amurka, duk ranar da Hajiyarmu ta kira ni tambayarta ɗaya ce bayan an gama gaisawa, wai "yanzu kai aiki kake yi ko karatu?" In ce aiki ne Hajiya. Ta ce to ai rannan ka ce malaminka bai ba ka hutu ba. In ce eh to, kusan malami ne amma dai oga ne. Sai ta ce Allah ya kyauta, wannan boko naku ba ta da ranar ƙarewa. Dariya nake yi lokacin, amma wallahi tambayar nan ta Hajiya ita ce jami'o'in Amurka da hukumomin da ke ba su kuɗi suka kwashe shekaru suna zille wa, kuma kusan duk rigimar da ake yi kan fosdok daga nan ta taso.

Ga wanda bai san abin ba, fosdok mutum ne da ya riga ya gama digiri na uku, an kira shi Dakta, an sha biki an ɗauki hotuna da rigar nan mai faɗi, sai kuma ya koma lab ɗin wani farfesa yana bincike a ƙarƙashinsa da kwantiragin shekara ɗaya ko biyu, ana sabuntawa idan akwai kuɗi. Mafi kusan abin da na sani a wajenmu shi ne gardi a tsangaya. Ya wuce kolo ya wuce titibiri, karatu ya zauna masa, shi ke biya wa yara allo idan malam ya fita, amma dai bai buɗe tasa tsangayar ba. To a lab ma haka ne, fosdok ne ke nuna wa sabon ɗalibi yadda ake riƙe bututun ɗiban ruwa, shi ke sanin wace na'ura ce sai an ɗan buge ta a gefe kafin ta tashi, shi ke rubuta rabin takardar neman kuɗi. Sai dai karin maganar nan da ake cewa kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, a nan ta juye, gardin ne ke shan bugun.

Don a gane dalilin da ya sa tsarin ya zama haka sai an bi ta kan kuɗi. Farfesa mai lab a babbar jami'ar Amurka kusan ɗan kasuwa ne da aka ba shi rumfa. Jami'a ta ba shi ɗaki da benci da ɗan jarin farawa, daga nan sai ya nemo na kansa, wajen NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, idan harkar lafiya da halittu yake yi, ko NSF, hukumar tallafa wa binciken kimiyya, ko ma'aikatar makamashi, ko ta tsaro idan injiniya ne. Babban tallafin NIH da kowa ke hanƙoro sunansa R01, shekara huɗu ne ko biyar, kuma a kan duk abin da aka ba shi jami'a na karɓar nata kason daban na wuta da ruwa da gini da ma'aikatan ofis. Da kuɗin nan zai sayi sinadarai, ya biya kuɗin ɗakin ɓeraye, ya biya mutanen da za su yi aikin da hannu tunda shi kansa yawanci ya daɗe da barin benci, yana ofis yana rubutu da mitin. To wa zai ɗauka? Ɗalibin digiri na uku sai an biya masa kuɗin makaranta da alawus, shekara biyun farko rabin lokacinsa yana aji, kuma sai ya ɓata kaya da yawa kafin hannunsa ya faɗa. Ƙwararren ma'aikaci na dindindin kuma zai nemi albashi mai tsoka da fansho, kuma ba ka iya sallamarsa da sauƙi ranar da tallafi ya ƙare. Fosdok fa? Ya zo da horonsa a kammale, ba kuɗin makaranta, yunwar fitar da sakamako na cinsa fiye da ogan ma saboda rayuwarsa ce a kai, kuma idan kuɗi ya ƙare kwantiragi ne kawai ba za a sabunta ba. Ko ni ne mai lab, da wannan lissafin, fosdok zan ɗauka. Shi ya sa nake cewa zagin ogogi ɗaya bayan ɗaya ba zai kai mu ko'ina ba, akwai na kirki da yawa a cikinsu, lissafin ne ya tura kowa hanya ɗaya.

Abin da ya halatta ƙaramin albashin kuwa kalma ɗaya ce, horo. Ana ce maka ai koyo kake yi, shiri ne na zama farfesa, ka yi haƙuri ɗan lokaci ne. Da farko can kusan gaskiya ne. Lokacin da aka fara irin wannan tallafi da kuɗin gidauniyar Rockefeller a 1919, 'yan tsirarun matasa ne a fisiks da kemistiri ake ba shekara ɗaya ko biyu su ƙara gogewa, kuma kujera na jiran yawancinsu. Abin ya kumbura ne daga baya, musamman tsakanin 1998 da 2003 da Amurka ta ninka kasafin NIH daga wajen dala biliyan 13 zuwa 27. Aka gina sababbin lab, aka kwaso ɗalibai da fosdok daga ko'ina a duniya, sai kuɗin ya tsaya cik bayan 2003, hauhawar farashi ta dinga gutsurarsa, mutanen da aka horar kuma suna nan suna jiran kujerun da ba a ƙara ba.

Akwai wani lissafi da wasu masu bincike, ciki har da Richard Larson na jami'ar MIT, suka fitar a 2014 wanda tun da na gan shi bai bar kaina ba. Sun duba fannin injiniya a Amurka suka ga a tsawon aikinsa farfesa ɗaya yana yaye masu digiri na uku wajen 7.8, alhali ranar da ya yi ritaya kujera ɗaya tal zai bari. Kenan idan jami'o'i ba ƙaruwa suke ba, mutum ɗaya cikin kusan takwas ne zai gaji malaminsa. A injiniya da kimiyyar kwamfuta abin da sauƙi domin kamfanoni na tsaye a ƙofa da albashin da ya ninka na jami'a, da yawa ko kallon fosdok ba sa yi. A ilimin halittu ne cunkoson ya fi muni, can idan ba ka yi fosdok ba ko takardarka ba za a buɗe ba, a wasu sassan fisiks kuma sai ka ga mutum ya yi biyu ko uku a jere, shekara uku nan, uku wata ƙasa, yana jan iyali da akwatuna. Yau fosdok a jami'o'in Amurka sun haura 60,000. Shekarun da mai bincike ke samun R01 ɗinsa na farko kuwa sun tashi daga wajen 36 a 1980 zuwa sama da 40, wato mutum na dab da fara furfura kafin a yarda ya isa ya riƙe bincikensa da kansa.

Maganar albashi nan ne mutanen gida ke daina sauraronka. A 2023 ma'aunin da NIH ta sa wa fosdok ɗan shekarar farko dala 56,484 ne a shekara, jami'o'i da yawa kuma da shi suke auna nasu. Da ka faɗi haka sai ɗan'uwa ya ɗauko waya ya buga da farashin canji, ya ɗago ya kalle ka kamar ka raina ni'imar Allah. Ba zai ga haraji ba, ba zai ga inshorar lafiya ba, ba zai ga cewa manyan lab ɗin a garuruwa mafiya tsada suke ba, irin su Boston da San Francisco inda ɗaki da falo kan iya cinye dala 3,000 a wata, kuɗin wajen renon yaro ɗaya kuma ya kusa kamo hayar. Na san Dakta mai shekara 35 da ke raba gida da mutum biyu, kowa da shelf ɗinsa a firij. Shulamit Kahn da Donna Ginther sun bi sawun masu digiri na uku a fannin lafiya da halittu, suka wallafa a 2017 cewa wanda ya yi fosdok yakan kwashe kusan shekara 15 yana bayan abokin karatunsa da ya wuce aiki kai tsaye wajen samun kuɗi. Horo ne da idan ka gama shi kasuwa ba ta ƙara maka ko sisi a kansa, sai dai in kujerar farfesa ka samu.

Shi aikin kansa ba ya san agogo. Ƙwayoyin halitta da kake renonsu a kwano ba su san Lahadi ba, ba su san ranar Sallah ba, idan lokacin canja musu ruwa ya yi dole ka zo. Na taɓa yin sallar Idi da safe na wuce lab da babbar riga, na ɗora farar riga a kai, abokan aiki suna ta tambaya ko aure na yi. Wani dare kuma wajen ƙarfe biyu wayata ta yi ƙara, na'urar gargaɗi ce, firizar mainas 80 ta fara ɗumi. Duk samfuran da na tara na shekara biyu suna ciki, da na wasu mutum huɗu. Na fita cikin ƙanƙara, na tarar da wata abokiyar aiki 'yar Sin ta riga ni, muka dinga kwasar akwatuna da safar hannu mai kauri muna gudu da su hawa na sama inda wani lab ke da ɗan fili a tasu firizar, yatsu sun mutu, ba mai magana. Da safe oga ya turo saƙon godiya layi ɗaya, ya kuma tambaya ko hoton da zai sa a takardar neman tallafi ya kammala. Ban ji haushinsa ba sosai, shi ma wa'adi ne a wuyansa. Abokaina na ɓangaren injiniya nasu salon daban, layin shiga ɗaki mai tsabta inda ake sassaƙa ƙananan na'urori, na'ura ɗaya mutum talatin, sai ka ga wanda rabonsa ya faɗo ƙarfe uku na dare yana murna.

Duk wannan wahalar don abu ɗaya ake yinta, takarda a babbar mujalla da sunanka a farko. A yawancin fannonin lab sunan farko na wanda ya yi aikin ne, na ƙarshe na mai lab. Takardar 2012 kan CRISPR, dabarar gyara ƙwayoyin gado, wadda ta kai Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier ga Nobel a 2020, sunan farko a kanta Martin Jinek ne, fosdok a lab ɗin Doudna a Berkeley, tare da Krzysztof Chylinski wanda ɗalibi ne a ɓangaren Charpentier. Jinek ya dace, ya samu nasa lab a Zurich. Amma irin wannan caca ce, kana iya zuba shekara huɗu a tambaya mai kyau amsar ta fito babu komai, ko saura wata biyu ka tura wani lab a wata nahiya ya riga ka, shi kenan aikinka ya koma na ƙaramar mujalla. Ga kuma rigimar da ba a cika faɗa a fili ba, idan za ka tafi buɗe naka wajen, wane ɓangare na binciken za ka ɗauka? Tunanin naka ne, kuɗin da benci na oga ne. Wani ogan zai ce ɗauki ka je Allah ya ba da sa'a, kamar ubangidan kirki da ke yaye yaronsa da jari da kwastomomi. Wani kuma sai ka buɗe shago ka tarar ya sa sababbin yara uku suna sayar da kayanka.

Abin da ya sa fosdok ba ya iya ɗaga murya abu biyu ne a hannun mutum ɗaya. Na farko wasiƙar shaida, babu inda za ka nemi kujera ba a nemi ta bakin ogan ba, kuma wasiƙa mai sanyi-sanyi ta fi zagi illa. Na biyu biza. Fiye da rabin fosdok na Amurka baƙi ne masu bizar wucin gadi, yawanci J-1 ko H-1B, kuma zamanka a ƙasar a ɗaure yake da aikin. Idan aka sallame ka kwanaki ƙalilan gare ka ka samu wani lab ko ka tattara, ga yara a makaranta, ga mata wadda wata bizar ma ba ta ba ta damar aiki. Mutumin da ke wannan hali idan aka ce ya zo Asabar zai zo, idan aka sa sunan wani a gabansa a takarda zai haɗiye. Labarin Katalin Karikó da kowa ke yaɗawa bayan ta ci Nobel a 2023, cewa ta baro Hungary a 1985 da 'yan kuɗi a ɗinke cikin 'yar tsanar 'yarta, aikin fosdok ta zo yi a jami'ar Temple a Philadelphia. Bayan shekara goma, a 1995, jami'ar Pennsylvania ta rage mata matsayi don ta kasa samo tallafi kan binciken mRNA ɗin da daga baya aka yi rigakafin korona da shi. Mutane na ba da labarin a matsayin darasin juriya. Ni Douglas Prasher yake tuna min, wanda ya fara ware ƙwayar gadon sinadarin nan mai walƙiyar kore na halittar teku, kuɗinsa ya ƙare, ya aika wa wasu abin da ya samo kyauta, ranar da aka ba da Nobel a kan aikin a 2008 yana tuƙin motar kai kwastomomi a wani kamfanin sayar da motoci a Alabama.

An fara turjiya dai. Ranar 14 ga Nuwamba 2022 ma'aikatan ilimi wajen 48,000 na jami'ar California suka tsunduma yajin aiki a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta UAW, wadda asalinta ta ma'aikatan ƙera motoci ce, abin dariya abin tausayi, Daktoci sun fake a inuwar makanikai. Fosdok da masu bincike ne suka fara cimma yarjejeniya, aka ƙara musu albashi da hutun haihuwa da tsawon kwantiragin farko, sauran suka ci gaba har kusan ƙarshen Disamba. A lokacin ne kuma masu lab suka fara kukan sun sa tallar gurbi ba mai nema, yara sun gane hanyar kamfanonin magunguna. Sai NIH ta kafa kwamiti, a Disamba 2023 ya ba da shawarar a mayar da mafi ƙarancin albashi dala 70,000 kuma kada mutum ya wuce shekara biyar yana fosdok. A 2024 aka ɗaga zuwa 61,008, da alkawarin a kai can a hankali.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Tsarin kasafi mai sauƙi na R01 an tsayar da rufinsa a dala 250,000 a shekara tun 1999, to idan albashi ya hau tallafi bai hau ba, mai lab da ke da fosdok uku zai koma biyu, aikin ukun kuma yana nan. Iyakar shekara biyar ita ma na ga yadda ake yi da ita, ranar da ka cika sai a canja maka suna a takarda, benci ɗaya, oga ɗaya, ɗan ƙari kaɗan. Jamus ta gwada iyaka da doka tun 2007, shekara shida kafin digiri na uku, shida bayansa, daga nan ko kujerar dindindin ko ka bar jami'a. Da ma'aikatar ilimi ta yi wani bidiyon zane kan wata ƙirƙirarriyar mai bincike mai suna Hanna, ana bayyana cewa kwantiragin wucin gadi yana hana tsara ɗaya toshe wa na baya hanya, a 2021 dubban masu bincike suka fito a Twitter kowa na cewa ni ce Hanna, suna zayyana shekarunsu da adadin kwantiragin da suka sa wa hannu. Iyaka ba tare da an ƙirƙiri kujeru ba, ranar kora kawai aka sa wa mutum. A ganina gyaran da zai yi aiki shi ne wanda ba wanda ke so ya biya, a buɗe guraben ƙwararrun masu bincike na dindindin, mutumin da ya iya benci kuma ba ya sha'awar zama oga ya zauna da albashin mutunci, a kuma rage yawan ɗaliban da ake ɗauka don kawai ana buƙatar hannu. Kowane lab zai ƙanƙance, takardu za su ragu, kuma ba shugaban jami'ar da zai so a fara daga kansa. Da gwamnatin Trump ta zo a 2025 tana soke tallafi tana neman datse kason jami'o'i zuwa kashi 15, maganar gyara ma sai ta koma gefe, kowa na ta kansa.

Kar wani ya ɗauka cewa nake kada a je. Ban taɓa samun lokacin da kaina ya yi aiki kamar shekarun nan ba, ba aji, ba kwamiti, ba jarrabawar da zan duba, daga ni sai tambaya ɗaya da kayan aikin da a gida sai dai mu gani a littafi. Ƙannenmu da ke gama digiri na uku a Malesiya ko Ingila ko Zariya suna turo min saƙo kan yadda ake samu, abin da nake fara ce musu shi ne su bar kallon sunan jami'a su binciki ogan, su nemo mutum biyu da suka bar lab ɗin, waɗanda suka bari fa, na ciki ba zai faɗa maka gaskiya ba, su tambaye su ina suke yanzu kuma da me suka fita. Wanda kuma ya iya samo tallafin kansa, irin na Humboldt a Jamus ko Marie Curie na Tarayyar Turai, ya shiga lab da kuɗinsa a aljihu, zamansa daban ne, ko gaisuwar da oga ke masa daban ce.

Mu biyar ne fosdok lokacin da na shiga lab ɗinmu. Ɗaya ta samu kujera a wata ƙaramar jami'a bayan ta tura takardar nema wajen sittin, biyu suna kamfanin magunguna, ɗaya ya koma ƙasarsu da biza ta ƙare. Satin da zan tafi aka ce in share rabona na firiza, na zauna da safar hannu ina ciro akwatuna, can ƙasa na tarar da wasu da ƙanƙara ta rufe, na kankare na ga sunayen mutanen da ban taɓa ji ba da kwanan wata na 2009 da 2011, rubutun hannu tsaf, kowane bututu da lambarsa. Na tambayi oga ko a zubar, ya ɗan tsaya yana kallon sunan, ya ce a'a bar su tukuna, wataƙila wani zai ci gaba da aikin. Na mayar da su, na ɗora nawa a kai.